Bulala Da Tarbiyya: Yadda Dukan Iyaye Ke Sauya Halayen 'Ya'ya A Ƙasar Matazu

A kowace kaka, lokacin da aka yanke dawa aka shiga tsinkar auduga a ƙasar Matazu da maƙwabtanta, tun daga Musawa da Malumfashi har zuwa Funtuwa, aiki yakan yi wa kowa yawa, babba da yaro. Yaro ɗan shekara takwas shi ne ke kora awaki kiwo, shi ne ke kai abinci gona, shi ne kuma ake aika niƙa da ɗibar ruwa. Idan awaki suka faɗa wa waken maƙwabci, ko kuwa kuɗin niƙa suka salwanta a hanya, galibi ba a tsayawa wani dogon bincike. Uba yakan karyo tsumagiya, uwa kuwa ta rarumi abin da ya fi kusa da hannunta, ko muciya ko takalmi. Bayan an jima kuka ya lafa, kowa ya koma kan aikinsa, a ɗauka an gyara yaro ke nan.

Mafi yawan iyayen da ke yin haka ba don ƙiyayya suke yi ba. Tsoro ne ke cika musu ciki, kada ɗa ya lalace ya ja musu zagi a gari, domin ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Suna kuma kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma manomin da ya taɓa tanƙwara ɗanyen icce ya san cewa a hankali ake yi, wanda ya sa ƙarfi fiye da kima karya shi zai yi. Abin da ya kamata ma'aikaci mai iyali da ɗalibin da zai zama uba ko uwa gobe su tsaya su auna shi ne irin halin da duka ke shukawa a zuciyar yaro, da kuma irin mutumin da ake girbewa bayan shekara goma ko ashirin.

Ƙididdiga ta nuna cewa al'amarin ya game ƙasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, a shekarar 2021, ya gano cewa kimanin yara 9 cikin 10 masu shekara 1 zuwa 14 a Nijeriya sun sha duka ko tsawa da zagi a gidajensu a cikin watan da ya gabaci binciken. Kafin wannan, a 2014, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gano cewa kimanin rabin yaran ƙasar nan sukan gamu da cutarwa ta jiki kafin su cika shekara 18, kuma iyaye da manyan dangi su ne kan gaba wajen aikata ta.

Maƙwabta Biyu, Al'ada Biyu

Wani abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin fitattun nazarce-nazarcen da aka yi kan wannan batu a ƙasar Hausa a nan kudancin Katsina ya samo tushe. Shaihun Malami Murray Last, Baturen Ingila wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato a 1967, ya zauna tare da Maguzawa manoma a karkarar Malumfashi tun wajajen 1970, ya kuma ci gaba da ziyartar su shekara da shekaru. A shekarar 2000 ya buga wata maƙala a mujallar Africa, inda ya kwatanta yadda ake renon yara a ɓangarori biyu na al'umma guda mai harshe ɗaya. Ya bayyana cewa Maguzawa ba sa yarda a doki 'ya'yansu, alhali kuwa a tsakanin Hausawa Musulmi, musamman na birane, an yarda da duka a gida, an kuma fi yarda da shi a makarantar allo, bisa imanin cewa tsoron hukunci ne ke koya wa yaro ladabi da kamun kai.

Malamin ya danganta wannan bambanci da dalilai na tattalin arziki da na siyasa da tarihi. Mai karatu da ya san gandu ba zai sha wahalar fahimtar ɓangaren tattalin arzikin ba. Kamar yadda Polly Hill ta nuna a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa, gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa maza, kuma ɗa yana da ikon fita idan zaman bai yi masa ba. Maigidan da arzikinsa ya dogara ga hannuwan 'ya'yansa dole ne ya riƙe zukatansu, domin ɗan da aka ƙuntata yana iya ɗaukar fartanyarsa ya koma wajen dangin uwa ko ya tafi cin rani bai dawo ba. Darasin da ke cikin wannan nazari shi ne, a cikin ƙasa ɗaya, a kan noma iri ɗaya, an sami gidajen da suka tashi da yara masu aiki tuƙuru ba tare da bulala ba. Ashe ke nan duka al'ada ce da wani yanayi ya haifar, kuma abin da yanayi ya haifar ana iya sake duba shi. A ƙarshen maƙalar malamin ya yi tambayar da har yanzu take buƙatar amsa, wato ko dukan da ake sha a makaranta ya sa jama'a sun saba da ganin tashin hankali a matsayin hukunci.

Abin Da Masana Suka Gano

A ƙasashen waje an shafe fiye da shekara hamsin ana bin diddigin wannan al'amari. A 2002 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Elizabeth Gershoff, ta tattara sakamakon nazari 88 ta auna su gaba ɗaya. Amfani guda tak ta samu a tattare da duka, shi ne yaro yakan daina abin da yake yi nan take. Sauran abubuwan da suka biyo baya duk na hasara ne: yawan faɗa, taurin kai, raunin shaƙuwa tsakanin yaro da iyayensa, damuwa ta zuciya, da kuma ƙarancin riƙon tarbiyya idan babu mai gani. A 2016 ita da Andrew Grogan-Kaylor suka sake auna nazari 75 da suka shafi yara fiye da 160,000, a wannan karo suka ware mummunan duka gefe suka dubi dukan hannu na yau da kullum kurum, amma sakamakon bai sauya ba.

Akwai masu cewa ai yaro mai ƙiriniya ne ke jawo wa kansa duka, saboda haka ƙiriniyar ce ta riga dukan. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma masana ba su yi watsi da ita ba. A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike 69 waɗanda aka bi yara a cikinsu tsawon lokaci, ana lura da halinsu tun daga farko. Abin da ya fito shi ne, a mafi yawan binciken halin yaran da ake duka ƙara taɓarɓarewa yake yi yayin da ake tafiya, ko da an yi la'akari da yadda suke tun farko. Wato ƙiriniya tana jawo duka, duka kuma yana ƙara ƙiriniya, haka abin zai yi ta zagayawa har uba ya gaji ya ce ɗan ya fi ƙarfinsa.

Ƙarya, Taurin Kai Da Cin Zali

Hali na farko da duka ke koyarwa shi ne ƙarya. A ɗauki misalin yarinyar da aka ɗora wa tallan ƙosai ta zubar da kuɗin ciniki. Idan ta san cewa faɗin gaskiya dukan kawo wuƙa zai jawo mata, to a kan hanyar komawa gida ba tunanin yadda za ta kiyaye gobe take yi ba, tunanin labarin da za ta shirya take yi. In ƙaryar ta tsirar da ita sau ɗaya, ta sami makami ke nan har girmanta. Masana biyu daga Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada wannan a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, suka buga sakamakon a 2011. Sun ɗauki yara 'yan shekara 3 da 4 daga makarantu biyu, ɗaya ana duka a cikinta, ɗaya ba a yi. Aka ajiye abin wasa a bayan kowane yaro aka ce kada ya waiwaya, sannan aka bar shi shi kaɗai a ɗaki. Mafi yawansu a makarantun biyu sun waiwaya. Da aka dawo aka tambaye su, kusan dukkan waɗanda suka waiwaya a makarantar da ake duka suka musanta, a ɗayar kuwa ɗan abin da ya haura rabi ne suka musanta. Bugu da ƙari, yaran makarantar dukan sun fi iya riƙe ƙaryarsu idan aka bi su da wata tambayar.

Hali na biyu shi ne taurin kai. Jiki yakan saba da zafi. Yaron da tsumagiya ɗaya ke sa shi kuka yana ɗan shekara biyar, idan ya kai goma sha biyu sai an haɗa da dorina, idan kuma ya kai goma sha bakwai ya fi uban tsawo, babu sauran abin da za a tsorata shi da shi. A nan ne ake jin iyaye suna cewa ɗa ya ƙangare, ko ya zama ba ya jin bari. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Gidan da aka gina biyayyarsa a kan tsoro, ranar da tsoron ya ƙare babu abin da ya rage, domin kunyar da ya kamata ta riƙe yaron an riga an kashe ta da yawan tozartawa a gaban ƙanne da abokai.

Hali na uku shi ne cin zali. Tun a 1961 Albert Bandura ya nuna a Jami'ar Stanford cewa yaran da suka ga babba yana dukan wani abin wasa su ma sukan kwaikwaye shi da zarar sun sami dama. Ba sai an je Amurka ba kafin a ga haka. Yaron da aka doka da safe shi ne zai rankwashi ƙanensa da rana, ƙanen kuma ya huce a kan akuya ko jaki. Abin da yaro ya karanta daga hannun ubansa shi ne, mai ƙarfi idan ransa ya ɓaci yana da ikon sa hannu. Da wannan karatu zai shiga makaranta, da shi zai shiga kasuwa, da shi kuma zai shiga ɗakin aurensa.

Hali na huɗu ba ya ƙara, saboda haka ba a cika lura da shi ba. Shi ne na yaron da ya zama shiru-shiru, ba ya tambaya, ba ya iya ɗaga ido gaban babba, ana yaba masa da ladabi alhali fargaba ce ta cika shi. Malaman firamare sun san irinsa: ya san amsa amma ba zai ɗaga hannu ba don gudun kuskure. Irin wannan yaro ne kuma idan wani mugu ya cuce shi a waje ba zai faɗa a gida ba, domin ya san da duka za a fara tarbarsa.

Su Ma An Doke Su

Hujjar da aka fi ji a majalisun dattawa da ofisoshi ita ce, su ma an doke su ga shi kuwa sun zama mutane. Wasu kuma sukan ce wannan bincike na Turawa ne, bai shafi ƙasar da kowa ya ɗauki duka a matsayin abin da aka saba ba. Jennifer Lansford da abokan aikinta sun gwada wannan magana a 2005 a ƙasashe shida, wato Sin da Indiya da Italiya da Kenya da Filifin da Tailan. Sun gano cewa inda duka ya zama ruwan dare illarsa takan ɗan ragu, amma ba ta gushewa: a dukkan ƙasashen, yaran da aka fi duka sun fi faɗa da fargaba. Game da waɗanda suka sha bulala suka kuma yi albarka, mai adalci zai tuna cewa ba bulala kaɗai suka samu ba. Sun sami kaka mai tatsuniya, da gwaggo mai lallashi, da kawu mai nasiha, da unguwar da ta ɗauki ɗa a matsayin na kowa. Sannan ba a cika lissafa sa'o'insu da suka gudu daga gida suka ɓace a tashoshin mota na Funtuwa da Kano da Kaduna ba, domin su ba sa zama a majalisa balle su ba da nasu labarin.

Matsayin Malaman Musulunci

Da yawa sukan jingina dukan da suke yi ga addini, amma magabatan malamai sun yi taka-tsantsan ƙwarai a wannan babi. Ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito game da salla, wanda aka fi kafa hujja da shi, ya sanya umurni a shekara bakwai, bai ambaci duka ba sai a shekara goma. Tsakanin biyun akwai shekara uku, wato salloli fiye da 5,000 na tunatarwa da haƙuri, kuma wannan a kan mafi girman ibada ke nan. An kuma hana dukan fuska baki ɗaya.

Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa, inda ya taƙaita dukan ɗalibi ga bulala uku, ya kuma hana malami duka cikin fushi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shawarci uba da ya kau da kai daga kuskuren farko, idan aka maimaita ya yi faɗa a asirce, kada kuma ya yawaita zargi har maganarsa ta zama ba ta da nauyi. Ibn Khaldun kuwa, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya keɓe fasali guda kan illar tsanantawa ga masu koyo, ya bayyana cewa tana kashe kuzari, tana jawo kasala, tana koyar da ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun mai hukunci, ya kuma haɗa uba da malami a cikin gargaɗin. Abin da masanan Kanada suka auna a 2011, wannan malami ya riga ya faɗe shi fiye da shekara 600 kafin su.

Daga Bulala Zuwa Mari

Jihar Katsina ta ga inda wannan hanya take ƙarewa idan aka bi ta har iyaka. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba na wannan shekarar aka fito da wasu fiye da 60 daga irin wannan gida a Daura, aka kuma rufe wani a cikin birnin Katsina. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko sata ko ƙin jin magana. Waɗannan iyaye neman gyara suka je yi. Amma wanda bai san wani magani ba sai duka, idan dukan gida ya kasa, abin da zai nema shi ne wanda ya fi shi iya duka.

Ta fuskar doka, kundin hukunta laifuka na Arewa na 1959, wanda aka fi sani da Final Kot, a sashe na 55 ya ba uba ko mariƙi damar ladabtar da yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta kuma kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, wadda ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi. A 2020 Gwamnan Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya sa hannu kan dokar kare yara ta jihar. A waje kuwa, Suwidin ce ta fara hana dukan yara har a cikin gida a 1979, kuma ƙasashe fiye da 60 sun bi sahunta, ciki har da Togo a 2007, da Kenya a 2010, da Jamhuriyar Benin a 2015. Sai dai kowa ya san ɗan sanda ba ya shiga tsakar gida a Matazu ya ga abin da ke gudana bayan sallar isha'i. Gyaran yana hannun masu gidan.

Hanyoyin Da Suka Fi Dacewa

Barin duka ba ya nufin sakin yaro ya yi abin da ya ga dama, domin sangarta ita ma cuta ce. Abu na farko shi ne kada a yi hukunci cikin fushi. Uban da ya jinkirta magana har bayan magariba yakan tarar da rabin laifin ya ragu a idonsa. Na biyu, a tambayi yaro yadda aka yi, a kuma sassauta wa wanda ya faɗi gaskiya, don ya san gaskiya tana da riba. Na uku, hukunci ya dace da laifi: wanda ya bari awaki suka ci waken maƙwabci ya bi ubansa su je ba da haƙuri, ya kuma yi wa maƙwabcin aikin yini a gona. Na huɗu, a yi faɗa a keɓe, a yi yabo a bainar jama'a. Na biyar, uwa da uba su daidaita bakinsu, kada abin da aka hana yau a ƙyale shi gobe. Na shida, a duba ko aikin da aka ɗora wa yaro ya fi ƙarfin shekarunsa, domin sau da yawa abin da ake kira sakaci gajiya ce ko yunwa. Idan kuma al'amari ya kai ga shaye-shaye, asibiti da jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma su ne wurin zuwa.

Ma'aikatan lafiya da ke ganin yara masu fasasshen dodon kunne saboda mari, da malaman makaranta, da limamai, da masu unguwanni, kowannensu yana da bakin da iyaye za su saurara. A 1974 Kirk-Greene ya tattara siffofin da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da mutunci da adalci. Duk uban da ya ɗaga bulala, waɗannan yake nema wa ɗansa. Yaro kuwa yakan koyi haƙuri ne daga wanda ya yi haƙuri da shi, ya koyi adalci daga wanda ya saurare shi kafin ya yanke masa hukunci. Manoman Matazu sun fi kowa sanin cewa abin da aka shuka da damina shi ake kaiwa rumbu da kaka.